Tambayar da Aka Kai wa Malam

Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi cikin garin Sakkwato ya san abin da wannan ke nufi. Ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ma sa hannu a kwano ɗaya. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, sai da ta rasu na dawo gidanmu na Ƙofar Marke ina budurwa. In Inna na son in miƙo mata wani abu, gefe take kallo ta ce, "A miƙo min ludayin can." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka kowace uwa a unguwarmu take yi da ɗan farinta. Na san tana sona. In na je gida, tsokar da ta fi kowace girma a miya a kwanona take ƙarewa, ba tare da ta ce uffan ba.

Lokacin da abin nan ya faru ina da aure da 'ya'ya, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Sama Road. Soja sun sake karɓar mulki. Kuɗin mai da ya haukata mutane a shekarun baya ya ƙafe, an koma bin layi don sabulu da madarar gwangwani, ga soja tsaye da bulala yana gyara layin. Baba ya ci zamanin arzikin nan a kan hanya. Direban gingimari ne, yana lodin siminti a Kalambaina ya kai inda ake gini, lokacin kuwa ko'ina gini ake yi. Wani zubin ya ɗauki albasa zuwa Ikko ya dawo da kayan 'yan kasuwa, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Daga baya ya sayi motar kansa, ya ɗauki direba, ya je Makka, ya dawo ya zauna a zaure da rediyonsa.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nake zuwa gaishe su. Abin da na fara lura da shi turare ne. Inna ba mai yawan turaren wuta ba ce, sai ranar sallah ko in za ta biki. Amma sai ya zama duk zuwan da na yi kasko na ci a ɗakinta, hayaƙi ya turnuƙe har ido na yaji. Na yi mata tsiya ta bakin ƙofa, na ce ko amarya aka kawo mana ba a gaya min ba. Ba ta yi dariya ba. A ƙarƙashin turaren akwai wani wari, kamar na ruwan da aka wanke nama aka manta da shi a rana. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan jeren kwanoninta. Ta rame kuma, fuskarta ta yi fari fat, amma in na tambayi mutanen gida sai a ce zafin bazara ne.

Wata Juma'a ta miƙe daga tabarma za ta ɗauko min fura, sai na ga inda ta tashi ya jiƙe. Jini ne, ba ja sosai ba, ya haɗu da ruwa-ruwa. Ta ga na gani. Ta sa ƙafa ta naɗe gefen tabarmar a kai, ta fita abinta. Macen da ta haura hamsin, wadda na san al'ada ta ɗauke mata tun ina goyon ɗana na biyu!

Ban tsaya shan furar ba, na faɗa ɗakin Gwaggo. Gwaggo ƙanwar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama, kuma ita kaɗai Inna ke buɗe wa cikinta. Na same ta tana gyaran zogale.

"Gwaggo, mi ke damun Inna?"

"Mi kinka gani?"

"Jini nig gani bisa tabarma."

"To, shi na kinka faɗo min kamar an koro ki? Ai wanga an gama da shi tuni. An tambayi Malam."

Na ce wane Malam, tambayar me? Sai ta ba ni labari a tsanake, hannunta bai bar zogalen ba. Da jinin ya fara dawowa, Inna ta ɗauka al'ada ce ta waiwayo ta, sai ta ajiye sallah. Ya ɗauke, ta yi wanka. Bayan 'yan kwanaki ya sake zuwa. Haka ya yi ta yi, yau akwai gobe babu, har ta rasa ranar da za ta yi sallah da ranar da za ta bari, ga azumi ya matso. Abin da ya hana ta barci ke nan. Ba ta iya zuwa gaban Malam, limamin masallacin unguwa, da irin wannan magana, don haka ta gaya wa Gwaggo. Gwaggo ta gaya wa matar Malam. Matar Malam ta jira ranar girkinta ta ce masa wata mata ce ke tambaya, jini ya ƙi tsaya mata, yaya za ta yi da sallah. Kafin tambayar ta ratsa baki uku, an zubar da shekarun matar a hanya, an zubar da cewa ta daɗe da daina al'ada. Amsa ta dawo ta hanyar da tambaya ta bi: abin da ya wuce kwana goma sha biyar ba haila ba ne, ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta riƙa sabunta alwala, ta yi sallarta ta yi azuminta.

"Ranar da amsa taz zo," in ji Gwaggo, "ba ki ga murnar da uwarki tay yi ba. Har sadakar ƙosai ta bayar."

"Tun yaushe?"

Ta ɗaga kai tana tunani. "Azumi biyu ke nan."

Wallahi da ba ƙanwar ubana ba ce, da ta ji abin da ba ta taɓa ji ba a bakina. Na ce azumi biyu mace na zubar da jini a cikin gida, ba wanda ya ce a je asibiti? Ta ce ai ba zaune suke ba, ana jiƙa mata bagaruwa tana zama ciki, an karɓo sassaƙe wurin wata Bafulatana, tana shan rubutu. Ta ƙara da cewa ni dai boko ya cire min kunya, in ba haka ba ina ruwan 'yar fari da zanen uwarta.

Ban ga laifin Malam ba, ko a lokacin ko yanzu. Sallah aka tambaye shi, sallah ya amsa, kuma daidai ya amsa. Abin da ke ci min rai shi ne a gidanmu kaf ba wanda ya ga wata tambaya a cikin jinin nan sai ta sallah. Da aka samu amsarta, kowa ya kwantar da hankalinsa.

Na koma ɗakin Inna, na yi abin da ban taɓa yi ba, na zauna a gabanta daf da ita. Ta juya ta fuskanci bango.

"Inna, asibiti za mu."

Ba ta juyo ba.

"Inna, wanga jini ba na lahiya ba na. Don Allah ki bari a duba ki."

Ta gyara lulluɓinta ta ce wa bangon, "A ce mata ta tashi ta tahi gidan mijinta, rana ta yi sanyi."

Saura Baba. Na tarar da shi a zaure yana jin labarai. Na durƙusa na gaishe shi karo na biyu a rana ɗaya, ya dube ni ya san da magana. Na rasa ta inda zan fara. Yaya 'ya za ta gaya wa ubanta irin wannan? Na dai runtse ido na ce, "Baba, Inna jini take zubarwa, ya kusa shekara biyu." Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallona kamar da wani yare na yi magana. Ashe bai sani ba. Ta daɗe da barin turaka da sunan girma ya zo, Gwaggo ke kai masa abinci, gaisuwar safe kuwa daga bakin ƙofa take yi masa.

"Cikin gidan ga?" ya ce. "Ina ciki?"

Shi ya shiga ya yi mata magana, maganar miji kuwa ba ta iya tsallakewa. Amma ta kafa sharaɗi ɗaya: namiji ba zai buɗe ta ba, gara ta mutu a ɗakinta. Na shiga yawon tambaya, har wata malama da muke aiki tare ta ce min akwai likita mace 'yar Indiya a babban asibiti, cikin waɗanda aka ɗauko zamanin da ake da kuɗi, ita ba ta riga ta koma ba. Kafin mu samu ganinta makonni sun shuɗe. Asibitin ma ya zama abin tausayi, sai da na je kasuwa na sayo auduga da safar hannu da za a duba Inna da su.

Ranar da muka shiga, nas ɗin da ke yi wa likitar tafinta ba ta zo ba. Wadda ke nan 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce ta sayen tumatir ba. Likitar, wata siririyar dattijuwa mai furfura da tabarau, ta dubi Gwaggo ta dube ni, ta ce wa ke jin Turanci. Ni ce. Aka bar Gwaggo a waje. Inna ta kwanta a kan gadon ƙarfe, na tsaya wajen kanta na juya baya, ita tana kallon bango ɗaya ina kallon ɗaya.

Tambayoyin farko da sauƙi: yaushe al'ada ta ɗauke, yaushe jinin ya dawo, akwai ciwon baya. Daga nan likitar ta ce in tambaye ta ko tana ganin jini bayan ta kwana da mijinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likitar ta maimaita, ta ce tambayar na da muhimmanci.

"Inna, tana tambaya, in kin tahi turaka, kina ganin jini bayan nan?"

Na ji numfashinta ya sauya. Sai ta ce can ƙasa-ƙasa, "Dauri, can baya, ina gani. Shi yas sa na bari."

Likitar ta sake tambaya, aure nawa ta yi? Na buɗe baki zan amsa da kaina, ɗaya mana, sai na ji Inna ta ce, "Biyu." Na kusa waiwayawa. Ashe kafin Baba ta auri wani mafataucin goro, ba su daɗe ba ya rasu a hanya, ba su haihu ba. Ina da 'ya'ya huɗu ban taɓa jin wannan ba, sai a ɗakin asibiti, kuma ni na juya shi zuwa Turanci.

Sai likitar ta tambaya ko ta taɓa yin wani tsiro a gabanta, irin ƙananan nan masu kaushi, ba ƙurji mai ruwa ba. Inna ta ce ta yi, da daɗewa, zamanin da Baba ke kan hanya. Sun fito da yawa kamar kan gero. Ungozomar unguwa ta zo ta ɗaure manyan da gashin wutsiyar doki har suka bushe suka faɗi, ƙananan ta shafa musu wani haɗi na toka da kanwa mai zafin tsiya. Ta ce sanyi ne, ya kuma wuce. Likitar ta gyaɗa kai ta rubuta.

Da aka zo duba ta, aka kwance ƙunzugun, warin ya cika ɗakin. Babu turare a nan. Nas ta je ta buɗe taga. Na ji ƙarar ƙarfe a cikin kwano, na ga hannun Inna ya damƙe ƙarfen gado har jijiyoyi sun fito. Ba ta yi ƙara ba, ko nishi ba ta yi ba. Na saci kallonta sau ɗaya, idonta a rufe, hawaye na gangarawa cikin kunnenta. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a ranar ba, kuma ni na kawo ta.

Likitar ta fitar da ni baranda. Ta ce za ta aika ɗan abin da ta gutsuro a auna, amma ba ta da shakka: ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya wuce wurin, ya kama gefe da gefe, aiki ba zai ciro shi ba. Na dafa bango. Na ce me ke kawo shi, mu a danginmu ba mu san shi ba.

Ta ce ba gado ba ne. Ta ce a 'yan shekarun nan ne masu bincike suka gano yana da alaƙa da ƙwayar cutar da ke kawo tsiron fata. Ƙwayar tana da dangi da yawa, iri-iri. Akwai mai fitowa a hannun yara, wannan ba ta da wata illa. Akwai mai kawo tsiro a al'aura, irin wanda aka ɗaure wa Inna, ita ma yawanci a nan take tsayawa. Amma tana da 'yan'uwa da ba sa fitar da komai a gani, hanya ɗaya suke bi, ta saduwar mace da namiji, sau da yawa ma tare suke shiga. Su ne ke maƙalewa a bakin mahaifa su yi shiru shekara da shekaru suna ɓata wurin a hankali, har ya zama daji. Ta ce suna iya yin haka a gaban namiji ma, ko a dubura, kuma akwai wasu mutane ƙalilan da irin tsiron ke cika musu fata, inda rana ke duka ya rikiɗe ya zama dajin fata. Ungozoma ta cire abin da ido ke gani, wanda ba a gani yana ciki.

Nan take zuciyata ta tafi kan Baba. Watannin nan da yake yi a hanya, garuruwan da yake kwana, aurarrakin da na ji ƙishin-ƙishin ya yi ya saki a kudu. Kamar likitar ta karanta fuskata, ta ce kada in ɗora wa kowa. Ƙwayar ta zama ruwan dare, mafi yawan masu ɗauke da ita ba su sani ba, jikin mafi yawansu ma yana kashe ta da kansa, kuma ba mai iya cewa daga wa ta zo ko yaushe.

Na ce, "Da mun zo lokacin da jinin ya fara fa?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ta ce da muna da abin yi da yawa. Yanzu abin da ya rage shi ne gashi da na'ura, wato a ƙone ciwon da haskenta, a Ikko ake yi. Ba ta yi min alkawarin warkewa ba, amma zai iya tsayar da jinin, ya rage ciwo, ya ƙara mata lokaci.

Na gaya wa Baba sunan ciwon da maganar Ikko. Abin da ke kawo shi ban faɗa ba. Kwana da kwanaki ba na iya haɗa ido da shi, in ya yi min magana amsata guntuwa ce. Shi kuwa da ya ji Ikko sai ya miƙe kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa. Ya ce ba direban da zai ja matarsa, shi zai kai ta. Ya karɓo doguwar mota wurin wani abokinsa, ya cire kujerar baya ya shimfiɗa katifa, ya shiga ƙarƙashin motar da kansa da babbar riga a naɗe, ya duba taya ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonsa ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi.

Muka tashi bayan sallar asuba, Inna kwance a baya, ni da Gwaggo a gefenta. Hanyar da aka zuba wa kwalta zamanin arziki duk ta farfashe, kowane rami sai na ga Inna ta cije leɓe. A wani shingen soja, ɗaya ya leƙo da kansa ta taga zai duba kaya, ya ja baya da sauri yana toshe hanci, ya ɗaga mana hannu mu wuce. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Girgizar mota ta tayar da jinin. Kafin mu kai Jega Gwaggo ta sauya mata tsumma har na daina lura da sau nawa. Da muka wuce garin kaɗan, katifar ta jiƙe, tsummokan da muka ɗauko don tafiyar duka sun kusa ƙarewa, leɓen Inna ya yi fari. Ta ce a tsaya. Baba ya gangara ƙarƙashin wata tsamiya. Muka fito da ita muka jingina ta da gindin itacen. Azahar ta yi, ta dafa ƙasa ta yi taimama, ta yi sallah a zaune. Da ta sallame ta kira Baba.

"Alhaji, mai da ni gida."

"Haba, ke kuwa. Hanyar ga na san ta kamar tahin hannuna. Mu kwana Kwantagora ki huta, jibi in Allah ya so muna Ikko."

"Na san ka san ta. Ni ce ba ni kaiwa. Kar ka bizne ni cikin baƙi."

Ya dube ni, wai ko zan sa baki. Na dubi katifar da ke cikin mota, na dubi hanyar da ko kashi ɗaya cikin biyar ba mu ci ba. Ni da na tayar da gidan duka don a zo nan, na kawar da kaina. Baba ya juya ya je ya buɗe gaban motar, alhali ba abin da ya same ta, ya sunkuya a ciki ya daɗe. Kafaɗunsa kawai nake gani suna motsi.

Gwaggo ta ɗauki buta ta nufi wata rijiya da muka hango. Muka rage ni da Inna. Sai na ji hannunta a wuyan hannuna, sanyi ƙalau.

"Ke. Matar can, tsiron nan tac ce shi yaz zama haka?"

Ashe tana lura da abin da likitar ta rubuta da wanda ba ta rubuta ba. Na ce ba shi ba ne kai tsaye, ɗan'uwansa ne, hanya ɗaya suke shigowa. Na gaya mata hanyar. Ta dubi inda Baba yake.

"Kin gaya mishi?"

"A'a."

"To, kar ki gaya mishi. Kuma ki bar ɗaure mishi huska, ina ganinki. Ba ki san daga inda yaz zo ba, ni ma ban sani ba." Ta numfasa. "Ke kuma, in kin ga jini ba lokacinshi ba, kar ki aika wa kowa. Ki tahi da ƙahwarki wurin matar can."

Na ce to. Ta saki hannuna. Baba ya rufe gaban mota, ya juya kanta ta fuskanci Sakkwato.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma ba sa barina. Na ɗauki hutu a makaranta na tare a Ƙofar Marke. Ƙafar Inna ɗaya ta kumbura kamar turmi. Ciwon ya sauka bayanta da ƙugunta, mai ƙarfin da ke sa ta cusa gefen zane a baki don kada a ji ta a zaure. Maganin kashe zafi mai ƙarfi babu shi a asibiti, babu a kanti, sai ƙwayoyin ciwon kai da ba sa yi mata komai. Daga baya fitsari ya riƙa zubo mata ba tare da ta sani ba. Turare ya daina rufe komai, muka bar kunna shi. Masu zuwa dubiya suna tsayawa a bakin ƙofa su yi sannu su juya. Ni da Gwaggo muke juya ta, mu wanke ta, mu wanke tsummoki mu shanya a bayan ɗaki. Baba ya bar zaure, ya dawo da buzunsa ƙofar ɗakinta, nan yake wuni da carbi. Na daina ɗaure masa fuska. Ban san ko na yafe masa ba, don ban san ko akwai abin yafewa ba, wannan rashin sanin kuma har yau yana cina.

Inna ta rasu da hantsi, kafin ruwan farko ya sauka. Aka yi mata sutura aka kai ta kafin azahar.

Ranar sadakar uku ɗakin Gwaggo ya cika da matan unguwa. Ina zaune a lungu, 'yata ta fari ta jingina da kafaɗata, lokacin ta fara zama budurwa. Ana ta faɗin alherin Inna, haƙurinta, kyautarta, yadda ba a taɓa jin muryarta a waje ba. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda kowa ke girmamawa, ta gyara zama ta ce, "Irin matan dauri ke nan, yanzu ina ake samun su? Shekara biyu tana ciwo, ko mijinta bai sani ba. Allah ya ba ɗiyanmu irin kunyarta."

Ɗakin gaba ɗaya ya ce amin. 'Yata ma ta buɗe baki za ta ce, na damƙe hannunta da ƙarfi har ta dube ni a tsorace.